Raha a Ƙofar Lahira: Daga Dandalin Atina zuwa Telebijin na Amurka

Gabatarwa

Ran 19 ga Satumba 2016, tashar telebijin ta NBC da ke Amurka ta fara nuna wani wasan barkwanci mai suna The Good Place, wato Kyakkyawan Wuri. Wasan ya buɗe da wata mata zaune a ɗakin jira. Aka kira ta cikin ofis, wani dattijo mai furfura da fara'a ya shaida mata cewa ta mutu, kuma ta dace, domin ayyukanta na duniya sun kai ta gidan ni'ima. Sai dai matar ta san ba ita ake nufi ba: an yi kuskure, an ba ta ladar wata. A kan wannan kuskure aka gina labarin da ya ɗauki zango 4 da kashi sama da 50, har ya ƙare ran 30 ga Janairu 2020.

Wanda ya tashi cikin al'ummar da ake sassauta murya idan an ambaci mutuwa zai yi mamakin yadda za a haɗa lahira da dariya. Amma masu wannan wasa ba su ne farau ba. Fiye da shekara 2400 ke nan marubuta suna kai mutanen labarinsu ƙasar matattu don su ba rayayyu dariya, su kuma ja musu kunne. Ya kamata a faɗa tun da wuri cewa lahirar da ke cikin irin waɗannan ayyuka lahirar adabi ce, misali ne da marubuci ya ƙaga, ba bayanin aƙida ba ne. Abin da ke gabansu duka shi ne ɗan Adam da halinsa. Hausawa sun ce hali zanen dutse. Tarihin da za a bi a nan, tarihin gardama ne a kan wannan karin magana: shin da gaske an zana halin mutum ba ya kankaruwa, ko kuwa akwai sauran gyara?

Girkawa da ma'aunin waƙa

A shekara ta 405 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), birnin Atina yana dab da faɗuwa a yaƙinsa da Sparta. A wannan shekara Aristofan ya gabatar da wasansa mai suna Kwaɗi, ya kuma ci lambar farko. Manyan marubutan wasan kwaikwayo na birnin sun mutu, sai Diyonisos, gunkin da Girkawa suka jingina wa wannan fasaha, ya kama hanyar ƙasar matattu da bawansa don ya dawo da Yuripides. A can ya tarar ana rigima tsakanin Yuripides da Askilos a kan wanda ya cancanci kujerar shugaban marubuta. Aka kawo sikeli irin na kasuwa, kowa ya furta baitinsa ana aunawa. Daga ƙarshe aka tambaye su shawarar da za ta ceci birnin, Diyonisos ya zaɓi Askilos ya dawo da shi. Mutanen Atina sun yi dariya, amma sun gane abin da ake faɗa musu: masu hikimarsu suna cikin ƙasa, waɗanda suka rage a sama ba su iya riƙon gari ba. Shekara ɗaya bayan haka birnin ya miƙa wuya.

Bayan kimanin ƙarni shida, Lusiyan, mutumin Samosata a bakin kogin Furatu, ya rubuta Hirarrakin Matattu guda 30 da harshen Girkanci. A cikinsu mai fito ba ya yarda kowa ya shiga jirginsa da kaya. Attajiri ya ajiye dukiya, azzalumin sarki ya tuɓe kambi da girman kai, mai falsafa ya sauke dogon gemunsa da dogon surutunsa. Wani matalauci mai baƙar magana, Menipos, ya iso ba shi da ko anini na kuɗin fito, kuma shi kaɗai ne yake dariya, domin bai bar kome a baya ba. Da ya nemi a nuna masa Helena, kyakkyawar da aka yi yaƙin Tarwada saboda ita, sai aka nuna masa ƙoƙon kai kamar sauran ƙoƙuna.

Wannan salo ya daɗe yana aiki. A Faransa, Fontenelle ya sabunta shi a 1683, kuma Fénelon, malamin jikan sarki Luwi na 14, ya rubuta nasa hirarrakin matattu don ya koya wa ɗan sarki tarihi da ladabin mulki; an buga su a 1712. Ke nan tun wancan lokaci malami ya gane cewa abin da ba a iya faɗa wa ɗan sarki a fuska, ana iya sa shi a bakin mataccen sarki.

Makahon Ma'arra da ɗan gudun hijirar Filorans

Abul Ala'i al-Ma'arri, wanda ya rayu daga 973 zuwa 1057 a ƙasar Sham, ya makance tun yana ɗan shekara huɗu sakamakon agana. Wajen 1033 wani tsohon masanin nahawu na Halab, Ibn al-Ƙarih, ya aika masa da doguwar wasiƙa cike da yabon kai da zargin wasu da zindiƙanci. Al-Ma'arri ya amsa da Risalatul Gufran, Wasiƙar Gafara. Ya ƙaga cewa mai wasiƙar ya mutu ya sami shiga gidan ni'ima, yana yawo yana gamuwa da mawaƙan Larabawa na da, yana tambayar kowannensu da me aka gafarta masa, yana kuma damun su da gardamar nahawu. Har faɗa ya ɓarke tsakanin mawaƙa biyu, ɗaya ya kwaɗa wa ɗaya kofin zinariya. A wani wuri Ibn al-Ƙarih ya ba da labarin yadda takardar shaidar tubansa ta ɓace cikin cunkoso saboda ya tsaya sauraron jayayyar masu nahawu, da yadda ya yi ta rera wa mai tsaron ƙofa waƙar yabo, alhali shi mai tsaron bai san abin da ake kira waƙa ba.

Malamai sun saɓa a kan al-Ma'arri tun yana da rai, wasu sun tuhume shi, wasu sun kare shi. Amma abin da yake yi wa ba'a a fili yake: malamin da ya ɗauka cewa shi ke da jerin sunayen waɗanda za su tsira, da mawaƙin da ya saba buɗe kowace ƙofa da kirari. Aisha Abdurrahman, masaniyar Masar da aka fi sani da Bintush Shaɗi'i, ta tace littafin ta buga shi a 1950.

Dante, wanda aka kora daga birninsa Filorans a 1302, ya kammala babbar waƙarsa mai babi 100 jim kaɗan kafin rasuwarsa a 1321. Ya kira ta Komediya domin ta fara da wahala ta ƙare da daɗi, kuma da harshen jama'a ya rubuta ta, ya bar Latin na malamai. A wutarsa, horon kowa hoton laifinsa ne: masu duba da suka yi da'awar ganin gaba an juya musu kai yana kallon baya. A can hali ya zama zanen dutse har abada. Amma tsakanin wuta da aljannarsa ya kafa wani dutse mai hawa-hawa inda rayuka ke tsarkaka sannu a hankali. Masanin tarihi Jacques Le Goff ya nuna a littafinsa na 1981 cewa sai a ƙarshen ƙarni na 12 wannan wuri na tsakiya ya sami sunansa a tunanin Kiristocin Turai. A 1919 kuwa, masanin Sifaniya Asín Palacios ya tayar da muhawara da ya ce Dante ya amfana da rubuce-rubucen Musulmi, har ya ambaci al-Ma'arri. Ba a tabbatar da cewa Dante ya karanta shi ba, amma kamannin ya isa a sa su a darasi ɗaya.

Littafin lissafin lada

Ginshiƙin The Good Place shi ne tsarin maki. Kowane aiki da mutum ya yi a duniya yana da adadi, mai kyau a ƙara, mummuna a rage, ranar mutuwa a tara jimla. Mahaliccin wasan, Michael Schur, ya ba da labarin cewa tunanin ya zo masa ne cikin cunkoson motoci na Los Angeles, yana yanke wa direbobi marasa ladabi maki a zuciyarsa. Shi ma wannan tunani yana da kakanni.

A takardun Masar ta da, kamar na wani magatakarda Ani da aka rubuta wajen 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana ganin zuciyar mamaci a sikeli ana auna ta da gashin tsuntsu, alamar gaskiya, ga marubuci a gefe yana rubuta sakamako. A ƙasar Sin, a ƙarni na 16 da na 17, littattafan lissafin lada da laifi sun yaɗu cikin masu ilimi. Mutum yakan zauna da dare ya rubuta ayyukansa na yini, kowanne da adadinsa, ceton rai yana da ɗari. Wani ma'aikacin gwamnati, Yuan Huang, ya shahara da alkawarin da ya ɗauka na cika kyawawan ayyuka 3000. A Amurka, Benjamin Franklin ya zana wa kansa jadawalin kyawawan halaye 13, yana ɗiga baƙin tabo duk inda ya gaza. A Ingila kuma, Jeremy Bentham ya fitar da littafi a 1789 yana cewa ana iya auna daɗi da ciwon da aiki ke haifarwa ta fuskar ƙarfinsa, da daɗewarsa, da yawan mutanen da ya shafa.

Masu kallo na 2016 ba su buƙaci a yi musu dogon bayani ba. Sun riga sun saba da ba direba ko mai abinci taurari a wayar hannu, sun saba da ƙirga masu yaba hotunansu a Facebook. Lahirar da ke tafiya da ofisoshi da akantoci da fayil-fayil, hoton duniyarsu ce.

Ɗakin Sartre

Ran 27 ga Mayu 1944, Paris tana hannun sojojin Jamus, aka fara nuna Huis clos na Jean-Paul Sartre a gidan teyatur na Vieux-Colombier. Matattu uku aka shigar ɗaki ɗaya: Garcin, ɗan jaridar da ya guje wa yaƙi, Inès, ma'aikaciyar gidan waya mai mugun baki, da Estelle, ƴar gayun da ta kashe jaririnta. Suna jiran mai azaba da kayan aikinsa, ba su ga kowa ba. Babu madubi, babu barci, fitila ba ta mutuwa. Sannu a hankali suka gane cewa an zaɓe su ne da gangan, kowanne shi ne azabar sauran biyun, domin kowanne yana neman shaida daga idon wanda ba zai ba shi ba. Da ƙofa ta buɗe, babu wanda ya fita.

Daga baya, a tsakiyar shekarun 1960, Sartre ya yi ƙorafin cewa an yi wa wasan gurguwar fahimta. Bai ce zama da mutane azaba ne a kowane hali ba; ya ce idan dangantaka ta lalace ne take zama haka, kuma mutanen ɗakin matattu ne domin sun daina iya canza kome. Rayayye kuwa yana da ikon fasa da'irar. Ɗaliban lise da suka karanta wannan wasa da Faransanci suna riƙe da mabuɗin The Good Place tun kafin su gan shi.

Ƙa'idar sitkom

Sitkom shi ne gajeren wasan barkwanci na telebijin mai mutane ƙayyadaddu da wuri ƙayyadadde, wanda ake nunawa mako-mako. I Love Lucy, da aka fara a 1951, shi ya kafa masa tsari a Amurka. Idan an cire tallace-tallace, kashi ɗaya bai fi minti 22 ba. Yana da wata ƙa'ida da kasuwa ta haifa: tun da tashoshi suna sayen tsofaffin kashi su maimaita su ba bisa jeri ba, dole kowane kashi ya ƙare inda ya fara. Marowaci ya kwana marowaci, maƙaryaci ya wayi gari da sabuwar ƙarya. Da mutanen wasan za su gyaru, da wasan ya mutu.

Seinfeld, wanda aka nuna daga 1989 zuwa 1998, ya kai wannan ƙa'ida maƙura, domin marubutansa sun ɗauki aniyar cewa mutanensu ba za su koyi darasin kome ba. A kashin ƙarshe, wanda mutum wajen miliyan 76 suka kalla, an ɗaure abokan nan huɗu saboda sun tsaya suna dariya ana yi wa wani fashi. A cikin kurkuku suka koma hirar maɓallin riga, wadda da ita aka buɗe wasan shekara tara da suka wuce. Ɗakin Sartre ne aka ƙara masa tafi.

Schur, wanda aka haifa a 1975, ya ƙware a wannan sana'a ta hanyar The Office da Parks and Recreation. Da NBC ta ba shi dama ya yi abin da yake so, sai ya juya ƙa'idar. Ya nemi shawarar Damon Lindelof, ɗaya daga masu wasan Lost, kan yadda ake saƙa dogon labari mai ɓoyayyen sirri. Ya fara da nazarin addinai, daga baya ya bar wannan hanya, ya tsayar da wasan a kan ilimin ɗa'a. Masana falsafa biyu, Pamela Hieronymi ta jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles da Todd May na jami'ar Clemson, suka zama masu ba shi shawara.

Mutum huɗu da allo

Eleanor Shellstrop, wadda Kristen Bell ta fito a matsayinta, ƴar jihar Arizona ce mai son kanta, sana'arta sayar wa tsofaffi maganin bogi ta waya. Da ta ga asirinta zai tonu, sai ta roƙi wanda aka haɗa ta zama da shi ya koya mata zama mutumiyar kirki. Shi ne Chidi Anagonye, malamin falsafar ɗa'a, wanda labarin ya ce an haife shi a Najeriya, ya tashi a Senegal, kuma Faransanci yake yi, wurin ne ke fassara wa kowa. Cutarsa ita ce ba ya iya yanke shawara. Tsoron kuskure ya sa ya gallabi duk wanda ya zauna da shi. Ta uku ita ce Tahani Al-Jamil, haifaffiyar Pakistan da ta tashi a Ingila, wadda ta tara wa mabukata dukiya mai yawa, amma don a yabe ta kuma don ta fi ƴar'uwarta suna. Na huɗu Jason Mendoza ne, wawan saurayi daga Florida da aka ɗauka wani waliyyin Buda ne. Mai kula da unguwar, Michael, Ted Danson ne ya yi shi, ɗan wasan da Amurkawa suka amince da fuskarsa tun zamanin Cheers, daga 1982 zuwa 1993.

A kan wannan amincewa aka ɗana tarkon. A kashin ƙarshe na zangon farko, ran 19 ga Janairu 2017, Eleanor ta gano cewa ba a taɓa yin kuskure ba. Wurin da suke shi ne Mummunan Wuri, Michael shaiɗani ne, kuma ya zaɓo su huɗu don su azabtar da juna, daidai da tsarin Sartre. Ya shafe tunaninsu ya sake gwadawa, sau fiye da 800. Kowane karo sai Eleanor ta nemo Chidi, sai a kafa allo, sai su fara gyaruwa, sai asiri ya tonu. Maimaicin da ya zama ƙa'idar sitkom, a nan ya koma hujja: an ba mutum huɗu dama ɗaruruwa su lalata juna, suka riƙa taimakon juna. Daga ƙarshe shi kansa shaiɗanin ya zauna a aji.

Darussan allon na gaske ne. An kawo Aristo, mai cewa kyakkyawan hali da yi ake samunsa, kamar yadda ake koyon gini da yin gini. An kawo Kant, wanda ya haramta ƙarya a kowane hali, abin da ya jefa Chidi cikin ciwon ciki tun da yana rufa wa Eleanor asiri. An kawo matsalar tarago, wadda Philippa Foot ta ƙaga a 1967: tarago ya ƙwace zai take mutum biyar, ko ya halatta a karkatar da shi ya take mutum ɗaya? Michael ya ɗora Chidi a kan taragon gaske don ya ga bambancin tambaya a takarda da tambaya a hannu. Sama da kowa, wasan ya jingina da littafin T. M. Scanlon na 1998, wanda sunansa ke nufin haƙƙin da ke kanmu ga juna. A wurin Scanlon, aiki ya zama laifi idan ya saɓa wa ƙa'idar da babu mai hankalin da zai sami dalilin ƙin ta. Ma'ana, ana neman ɗa'a ne a wajen zama da mutane, inda kowa zai iya kare aikinsa a gaban wanda aikin ya shafa.

Wasan ya kuma taɓo matsalar niyya. Tahani ta faɗi ne saboda riya, kuma duk wanda ya san da tsarin maki, ayyukansa sun daina ƙirguwa, tun da don lada yake yi. Wannan batu ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun zaure.

Furen 1534 da furen 2009

A zango na uku aka je ofishin akantoci, aka tarar shekara 521 ke nan babu wanda ya shiga Kyakkyawan Wuri. Michael ya zaci maguɗi ne, sai ya duba fayil biyu. A 1534 wani mutumin Ingila ya tsinko furanni ya kai wa kakarsa da ƙafa, ya sami maki 145. A 2009 wani Ba'amurke ya aika wa tasa kakar furanni, ya yi asarar maki 4, domin ya yi oda da wayar da aka ƙera a masana'antar zalunci, an noma furen da guba, leburorin da aka ci da guminsu suka tsinke shi, aka yi jigilarsa daga nesa, ribar ta shiga aljihun mugun attajiri. Ma'aunin bai lalace ba. Duniya ce ta sarƙe, har kowane ɗan ciniki yana jan igiyar da mai saye bai ga ƙarshenta ba.

Wannan shi ne wuri mafi ƙarfi a wasan, kuma a nan iyakarsa ta bayyana. Ana kallon igiyar ne daga hannun mai saye. Manomin koko na Kodebuwa, da mai haƙar kobalt na Kwango, da ma'aikacin ma'adinin uraniyom na Arlit, inda aka fara haƙa tun 1971, ba su da fuska a irin wannan lissafi. Sun shigo ne a matsayin makin da aka rage wa wani. Damuwar wasan ita ce yadda mai saye zai tsira da lamirinsa. Tambayar wanda ke ɗaya bakin igiyar daban take: wa ya tsara cinikin haka, kuma wa zai biya? Haka nan Senegal ɗin Chidi ba ta wuce suna da ƴan hotuna ba, kuma kusan duk littattafan allonsa na Turai da Amurka ne.

Ƙofar ƙarshe

A zango na huɗu mutanen suka shawo kan alƙaliyar lahirarsu aka sake tsari. Aka daina yanke hukunci da jimla ɗaya. Kowane mamaci zai riƙa fuskantar jarrabawa daidai da rauninsa, ana nuna masa kuskurensa, yana maimaitawa har ya gyaru. Dutsen Dante ne ya dawo da kamannin makaranta.

Da suka isa Kyakkyawan Wuri na gaske, sai suka tarar mazaunansa sun dushe. Hatta Haifatiya, masaniyar lissafi ta Iskandariyya da aka kashe a shekara ta 415, daɗin da ba ya ƙarewa ya sa ta manta iliminta. Maganin da suka kawo shi ne wata ƙofa a cikin daji, wadda duk wanda ya ji ya ƙoshi zai bi ya ƙare. Wannan tunani ma yana da tarihi: Swift ya zana tsofaffin da ba sa mutuwa a 1726, Simone de Beauvoir ta rubuta labarin mutumin da dawwama ta zame masa la'ana a 1946, Bernard Williams ya kare ra'ayin a maƙalarsa ta 1973, Todd May kuma ya bi sawu a littafinsa kan mutuwa.

A nan wasan ya rabu da abin da Musulmi da Kirista suka yi imani da shi. Ƙarshen Suratul Kahfi ya bayyana cewa ƴan Aljanna ba sa neman canji daga gare ta. Gajiyar da wasan ya nuna ta mai jiki da kwanaki ƙidayayyu ce, kuma ni'imar da ya zana ta kanti ce, inda ake samun duk abin da aka nema nan take. Ba mamaki a ƙoshi da irinta. Saboda haka ƙofar ta fi yin bayani a kan duniya: ƙarancin kwana ne ke sa ziyara da alkawari da neman gafara su yi nauyi. Shi ya sa ladar da aka ba Michael a ƙarshe ita ce a mai da shi mutum, ya sauko duniya ya tsufa, bai san makomarsa ba. Wasan ya sami lambar Peabody a 2019 da lambar Hugo sau huɗu, kuma Schur ya fitar da littafi kan falsafar ɗa'a a 2022.

Kammalawa

Adabin Hausa ya san lahira ta hanyar waƙoƙin wa'azi, irin na Nana Asma'u da malaman zamaninta, masu tsoratarwa da kwaɗaitarwa, kuma wannan fage ba na wasa ba ne. Gyaran hali da dariya kuwa yana da nasa fage, daga tatsuniyar Gizo zuwa teyatur na su Yazi Dogo. Al'adar da aka bi tarihinta a nan ta haɗa fagagen biyu, kuma malami yana iya amfana da ita ba tare da ya rungumi lahirarta ba.

A ajin Faransanci, ana iya ɗora Huis clos kusa da zangon farko na The Good Place, a tambayi ɗalibai abin da ya hana Garcin fita, da abin da ya sa Eleanor ta nemi malami. A ajin Hausa, ana iya kawo siffofi goma na mutumin kirki da Kirk-Greene ya tattara a 1974, wato gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci, a nemi ɗalibai su gwada ba kowace maki. Za su tarar da wuya a auna ko ɗaya daga ciki ba tare da an ambaci wani mutum na biyu ba, wanda aka riƙe wa amana ko aka ji kunyarsa. Daga nan sai a dawo ga karin maganar da aka fara da ita, a haɗa ta da ƴar'uwarta mai cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lusiyan da Sartre sun nuna mutanen da suka bushe. Schur ya yi gardamar cewa ɗanyantakar mutum ta fi daɗewa fiye da yadda ake zato, muddin ya sami wanda zai zauna da shi a gaban allo. Duk malamin da ya taɓa cike takardar sakamakon ɗalibi a ƙarshen shekara, ya tsaya yana tunanin ko a kore shi ko a bar shi ya maimaita aji, ya riga ya shiga wannan gardama, kuma hukuncin da ya yanke yana nuna ɓangaren da ya bi.